Babban yatsa da mataki na 33

Da zarar shugabanni biyu sun gaisa a gaban kyamara, sai ka ga wani ya zagaye babban yatsan ɗayansu da jan layi ya watsa a WhatsApp: "Kun gani ko? Ɗan Freemason ne, mataki na 33!" Na daɗe ina bin tarihin ƙungiyar nan ta Freemason, wato ƙungiyar 'yan'uwantaka mai rantsuwa da gaisuwar sirri, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne inda jama'a suka zuba ido ba nan ta'asar take ba.

Matakan asali uku ne kacal: ɗan koyo, abokin sana'a, sai gwanin magini. Sunayen ma sun nuna inda aka samo su, wato wajen magina masu sassaƙa dutse. A Sikotlan, William Schaw, mai kula da gine-ginen sarki, ya tsara wa magina dokoki a 1598, kuma a ƙarni na 17 an san suna da wata kalma ta sirri da suke gane junansu da ita, don kada wanda bai yi koyo ba ya shigo ya ci aikinsu. Sannu a hankali masu hannu da shuni, waɗanda ba su taɓa ɗaga guduma ba, suka cika zaurukan, wato rassan ƙungiyar inda ake taruwa. A ranar 24 ga Yuni, 1717, zauruka huɗu suka haɗu a wata mashaya a Landan suka kafa babban zaure na farko.

To ina 33 ɗin ta fito? Daga wani tsari na daban, wanda aka kafa majalisarsa a Charleston ta Amurka a 1801. Sai ka zama gwani tukuna kake shiga, idan ka ga dama, kuma mataki na 33 karramawa ce ake yi wa wanda ya daɗe yana hidima. Su da kansu cewa suke babu matakin da ya fi na uku. Mai 33 idan ya shiga zaurensu na gida, shugaban zauren zai bi, ko da shi uku gare shi.

Bikin shigar da ɗan koyo shi ne ya fi jan hankalina. Ana ɗaure masa idanu, a rataya masa igiya a wuya, a naɗe masa ƙafar wando ɗaya, a karɓe duk wani ƙarfe da kuɗin da ke jikinsa. A bakin ƙofa mai gadi na tsaye da takobi a zare. Bayan ya yi rantsuwa an kwance masa ido, sai a koya masa alama da riƙon hannu da kalmar matakinsa, a ɗaura masa farin walki na fatar ɗan rago. Daga nan sai a ce ya ba da sadaka. Mutumin da aka gama zazzage wa aljihu! Sai ya tsaya yana kunya, a ce masa to ya riƙe wannan ranar duk sanda ɗan'uwa ya zo masa hannu wofi. Ko me mutum yake gani game da ƙungiyar, wanda ya tsara wannan ya san halin ɗan Adam.

Shi kuwa sirrin, ai tuni ya zama tallan kasuwa. Tun 1730 wani Samuel Prichard ya buga ɗan littafi a Landan ya fallasa matakan uku. A 1826 William Morgan ya shirya yin irin haka a jihar New York, sai ya ɓace ba a sake ganinsa ba, fushin jama'a har ya haifi jam'iyyar siyasa ta masu adawa da ƙungiyar. Yau duk mai intanet zai iya karanta kalmomin. Shi ya sa baƙo ba ya shiga zaure da murza yatsa kawai. A Amurka sai ya nuna katin biyan kuɗin ƙungiya, a kai shi gefe a yi masa tambayoyi, a duba ko zaurensa halastacce ne a wajensu. Hatta munanan hukunce-hukuncen da ke cikin rantsuwar, irin su yanke maƙogwaro, babban zauren Ingila ya cire su daga cikinta a 1986.

Ba wanke su nake yi ba. Fafaroma Clement na 12 ya haramta wa 'yan Katolika shiga tun 1738, kuma malaman Musulunci da dama sun yi fatawa a kanta. Ni abin da ya fi damuna shi ne alƙali da ɗan sanda da ɗan kwangila su yi rantsuwar 'yan'uwantaka a ɗaki guda, mu ba mu sani ba. Italiya ta ɗanɗana. A 1981 masu bincike suka gano jerin sunaye 962 na wani zauren Freemason na ɓoye mai suna P2 a wajen shugabansa Licio Gelli: ministoci, janar-janar, shugabannin leƙen asiri, manyan 'yan jarida, har da Silvio Berlusconi, wanda daga baya ya zama firaminista, tun kafin ya shiga siyasa. Gwamnatin firaminista Arnaldo Forlani ta faɗi a watan Mayun shekarar, majalisa kuma ta rushe zauren da doka a 1982. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka gano ta hanyar hoton gaisuwa.