Hanyar Otter: kwana 5 da kyamara a gaɓar Tekun Indiya

Mu 12 muka tashi daga Storms River Mouth, duk 'yan ƙungiyar ɗaukar hoto, domin hukumar SANParks, mai kula da gandun dajin Afirka ta Kudu, ba ta barin fiye da haka su kama hanyar a rana ɗaya. Hanyar Otter ta tafiyar ƙafa ce, tana yankin Tsitsikamma na gandun Garden Route a Afirka ta Kudu, an buɗe ta a 1968, kuma sai an haura kilomita 40 kafin a ga Nature's Valley. Jagoranmu sawun karen ruwa (wato otter) ne da aka zana da fenti ruwan ɗorawa a jikin duwatsu.

Ranar farko kilomita 4.8 ce kacal, amma kada lambar ta ruɗe ka. Tsalle ake daga dutse zuwa dutse da jaka a baya, shi ya sa muka ɗaure kyamara a ƙirji: wadda ke lilo a wuya dutse take duka da zarar ka sunkuya. A bakin ruwan da ke zubowa daga saman dutse muka kafa sanda mai ƙafa uku, muka bar kyamara a buɗe rabin daƙiƙa, ruwan ya fito fari tas kamar auduga.

Gishiri ne babban abokin gaba. Feshin teku yana bushewa a kan gilashin kyamara ya bar ƙwayoyi, kuma wanda ya goge da busasshen ƙyalle ya karce gilashinsa da hannunsa. A fara hurewa, sannan a shafa da ƙyalle mai ɗan laima. Canza gilashi cikin iska kuwa, a manta da shi. Ɗakunan katakon da muka kwana, Ngubu, Scott, Oakhurst da André, babu lantarki ko ɗaya, don haka kowa ya riƙe batir 4, kuma mun rage leƙen allo bayan kowane hoto.

Rana ta 4 ce gwajin gaske: kilomita 13.8, ga kogin Bloukrans kusan kilomita 10 daga Oakhurst. Ba a ƙetare shi sai teku ta janye sosai, kuma lokacin janyewar yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka jadawalin da aka ba mu shi ya tsayar mana da lokacin tashi. Mun fita da duhu, tocila a goshi. Mai hoto ya ƙara awa guda kan lissafin kowa, don ba ya iya wuce fitowar rana bai tsaya ba, kuma a nan ake makara. Wanda ya tarar ruwa ya dawo ya bi hanyar tsira da ke haurawa tudu, kada ya yi gardama da igiyar ruwa.

Kyamara ta shiga jaka mai hana ruwa, ita kuma cikin jakar goyo, duka cikin babbar leda mai kauri da muka ɗaure da iska a ciki don ta yi iyo. Da takalma muka shiga, domin duwatsun ƙetaren suna yanka ƙafa.