Kukan na'ura ba shaida ba ne

A makon jiya ɗan ƙanwata, wanda ya gama bautar ƙasa ya samu aiki a Jabi, ya zo gidana a Kubwa bayan sallar isha'i, ya zauna yana ta latse-latsen waya har na gaji na tambaye shi abin da ya ɗauke masa hankali. Ya miƙo mini wayar, na ga hoton wata 'yar baƙar na'ura mai eriya, an rubuta cewa tana gano ɓoyayyiyar kyamara da abin sauraron magana da abin bin sawun mota, duk a kan kuɗin da bai kai na cika tankin mota ba. Ya ce: "Kawu, ina zargin wanda muke haya tare ya dasa mini wani abu a ɗaki, domin maganar da na yi ni kaɗai a waya sai in tsince ta a bakin mutane. In aka kawo ta, ta yi kuka a wajen kayansa, to zamanmu ya ƙare." Na ce masa ya dakata da biyan kuɗin, sai ya amsa mini da cewa ai ya kalli bidiyonta a TikTok kuma tana aiki. Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin yaran yanzu ba su sauraron magana sai sun gan ta a fuskar waya.

A shekarun da nake da ƙaramin ofishi a Wuse ina neman kwangilar kawo kayan ofis, na yi ta faɗuwa a jere, kuma kowane karo wanda ya yi nasara sai ya kasance farashinsa ya gaza nawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kuɗin hayar shekara ya matso, bashin masu kaya yana wuyana, sai zuciya ta raya mini cewa akwai kunne a cikin ofishina. Na shiga wani shagon kayan lantarki, mai shagon ya fito da irin wannan na'ura, ya kira wayarsa a kusa da ita, ta ɗauki kuka, fitilunta suka haska, ni kuma na biya. Iyakar gwajin da na yi mata ke nan.

Ranar Asabar, da babu kowa, na kulle ƙofa na kunna ta. Ta yi kuka a ko'ina, daga bakin taga har banɗaki, don haka na yi ta murɗa maɓallin rage ƙarfinta har ta yi shiru a duk ofishin, ban da wuri ɗaya: teburin masinjana da ke jingine da bango. Na ja aljihun teburin na tarar da tsohuwar waya a kashe da caja. Ban tsaya na tambayi kaina yadda waya a kashe za ta sa na'urar kuka ba. Ranar Litinin na kira shi na nuna masa, ya ce: "Ranka ya daɗe, wallahi ban san abin da ake magana a kai ba, wayar matata ce ta lalace zan kai gyara." Na sallame shi a ranar. Mutum ne da yake tasowa daga Mararaba tun da asuba don ya riga ni isowa, kuma bai taɓa ɓatar mini da ko takarda ɗaya ba.

Ba zan ce ba ni da uzuri ba. Duk wanda ya ga jarinsa yana narkewa ya san yadda tunani yake karkacewa, kuma yaron yana da yawan hira da direbobin wasu 'yan kwangila a ƙasan bene, abin da na sha yi masa faɗa a kai. Na kuma biya shi albashin watan cif, abin da masu gida da yawa a garin nan ba za su yi ba. Amma duk wannan bai wanke ni ba, domin ban kore shi saboda surutu ba, na kore shi ne da sunan mayaudari, kuma sunan ya bi shi a cikin ginin har wanda ya so ɗaukarsa ya fasa.

Bayan wasu watanni wani mai haɗa wayoyin intanet ya zo yi mini aiki, na nuna masa na'urar ina alfahari. Ya kanga ta a bangon nan, ta yi kuka kamar yadda ta yi a da, alhali teburin ma an ɗauke shi. Ya fita ya shiga ofishin maƙwabtana masu sayar da tikitin jirgi, ya roƙe su su zare rautarsu, wato na'urar da ke raba musu intanet ta waifai, wadda ke maƙale a bayan wannan bangon daidai, nan take ta yi tsit. Ya bayyana mini cewa abin da kawai take aunawa shi ne ƙarfin igiyar rediyo, ba ta san mai aiko ta ba. Waifai yana aiki a kan gigahaz 2.4 da 5, Bluetooth a kan 2.4, layukan waya a kan megahaz 900 da 1800 da wasunsu, kuma a bene ɗaya a Wuse akwai rautoci da na'urorin POS da wayoyi da ba su ƙirguwa, kowanne yana iya sa ta kuka. Sannan ya zaro 'yar rikoda daga aljihunsa, ya kunna, ya ɗora na'urata a kanta, ba ta ce uffan ba, saboda abin da yake naɗar magana ko hoto a katin memori ba ya aika komai waje, balle a kama shi. Ashe kukanta bai tabbatar da laifin kowa ba, shirunta ma bai wanke ɗakin ba.

Inda sirrina yake zuba kuwa, daga baya na gane shi. Dilan da yake ba ni farashi shi ne yake bai wa abokan hamayyata, ni kuma a majalisarmu ta bayan magariba babu abin da ba na faɗi game da ribar da nake ɗorawa. Baki shi ke yanka wuya. Na nemi masinjan aka ce ya kwashe iyalinsa ya koma gida, na aika masa da saƙo da ɗan abin hannu, bai maido amsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wani lokaci zuciya takan ce mini wataƙila shi ma ya taɓa kai magana, amma na san wannan lallashin kai ne kawai.

Kada wani ya fahimci cewa ina cewa babu haɗarin. A watan Maris na 2019 'yan sandan Koriya ta Kudu sun bayyana cewa an ɗauki hoton baƙi kimanin 1,600 a ɓoye a ɗakuna 42 na masaukai 30, ana watsawa kai tsaye ga masu biyan kuɗi, kuma an ɓoye kyamarorin ne a cikin akwatunan talabijin da soket da maratayin na'urar busar da gashi. Kamfanin Airbnb ma ya haramta kyamara a cikin gidajen da ake haya ta hannunsa daga ƙarshen Afrilun 2024. A Abuja, inda gidajen hayar kwana suka cika Gwarinpa da Wuse da Jabi, mace mai tafiyar aiki ko ango da amarya suna da dalilin dubawa.

Na zauna da niyyar jera shawarwari goma, amma da na tace su sai na ga yawancinsu surutu ne. Ta farko ita ce kada ka amince da na'urar da ba ka jarraba ta da abin da kai ka ɓoye da hannunka ba. Ka sa wani ya ɓoye waya tana kira a cikin ɗaki ka nema, ya ɓoye rikoda ka nema, ka ga wanda take kamawa da wanda take wucewa. Kafin bincike ka kashe rauta da wayoyi da duk abin da ke amfani da Bluetooth, in ba haka ba kukan banza za ka yi ta bi. Tsada ma ba hujja ba ce. A 2013 wata kotu a Ingila ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe na'urar gano bam ta bogi a kan miliyoyin daloli, alhali asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf, kuma jami'an tsaro sun yi shekaru suna riƙe da ita a shingayen bincike. Ba su jarraba ba, kamar yadda ni ban jarraba ba.

In don kyamara kake tsoro, ɓangaren da ya fi amfani a jikin waɗannan na'urori shi ne 'yar tagar nan mai jan gilashi da jajayen fitilu kewaye da ita. Idon kyamara yana maido da haske inda ya fito, ko tana kunne ko tana kashe, don haka in ka kashe fitilar ɗaki ka leƙa ta tagar kana tafiya a hankali, za ka ga ɗigo yana ƙyalli. Sai dai dole ka kasance kusa kuma kana fuskantar idon, sannan ƙusa da gilashi ma suna ƙyalli. Tocila da ka riƙe kusa da idonka tana yin kusan wannan aikin. Kyamarar gaba ta waya kuma sau da yawa tana ganin hasken infirared, wanda ido ba ya gani, da kyamarori masu gani da dare suke fitarwa, kuma za ka iya tabbatar da taka ta hanyar danna rimot ɗin talabijin a gabanta. Ka duba abin da ke fuskantar gado da banɗaki: agogo, soket, kan caja da ba kai ka kawo ba, na'urar gano hayaƙi. Wannan aikin haƙuri ne na kusan rabin sa'a, ku kuwa kuna son abin da zai yi ƙara cikin daƙiƙa biyar ku ɗauka ku ɗora a intanet.

Gaskiyata ita ce kada ka saya. In maganar ta kuɗi masu yawa ce ko ta rai, ka nemi ƙwararru masu kayan da ke gano kayan lantarki ko a kashe suke, waɗanda farashinsu ya kai dubban daloli, kuma su ma abu yakan wuce su. A 1945 an bai wa jakadan Amurka a Mosko kyautar tambarin ƙasarsa na katako, ya rataye a gidansa, ba a gano abin sauraron da ke ciki ba sai 1952, saboda ba shi da batir, sai an harbo masa igiyar rediyo daga waje yake aiki. Duk da haka ba zan ɓoye ba, har yau akwai ƙaramar na'urar gano kyamara a jakata, kuma nakan leƙa jar tagarta a duk otal ɗin da na sauka. Saboda haka in hankalinka ba zai kwanta ba, to ka saya, amma ka sayi mai maɓallin rage ƙarfi da ma'aunin da ke hawa da sauka, ba mai kuka kawai ba.

Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne mutum. Kada ka tuhumi kowa sai ka riƙe abin a idonka, ka ga kyamarar ko makirfon. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat da ta hana leƙen asirin mutane ita ce ta fara da umarnin nisantar yawan zato, ni kuwa na riƙe rabinta na yar da rabi. In ka samu kyamarar da gaske, kada ka fasa ta cikin fushi, ka ɗauki hotonta a inda take, ka kira shaida, ka fita daga ɗakin, ka kai wa 'yan sanda, domin sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da maganarsa ta waya.

Sannan kafin ku tuhumi bango ku duba aljihunku. Waya tana da kyamara da makirfo da layi, tana kwana a gefen matashinku, kuma babu na'urar da za ta gaya muku an sa mata manhajar leƙen asiri, domin dama aikin waya ke nan ta aika saƙo. Tun daga iOS 14 da Android 12 wayoyi suna nuna ɗan ɗigo a saman fuska idan wata manhaja tana amfani da makirfo ko kyamara, kuma a cikin saiti akwai jerin manhajojin da aka bai wa wannan izini. Ku buɗe jerin ku karanta, ku cire abin da ba ku sani ba, ku duba ko WhatsApp ɗinku yana haɗe da wata kwamfuta da ba taku ba, ku canza lambar buɗewa da kuka raba wa abokai. Ku kuma rage saƙon murya na minti goma da kuke aika wa mutum ɗaya, ya tura wa biyar kafin ku ajiye wayar.