Kafin ku lulluɓe tsohon gida da soso a ƙasar sanyi

Ƙannena da kuka fara sayen gidaje a ƙasashen ƙanƙara, ku ba ni aron kunnuwanku kafin ku kira kafinta.

Gidana na Minneapolis tsohon ginin katako ne, tun shekarun 1920. A watan Janairu sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, kuɗin gas kuwa ya dame ni ƙwarai. Da za a sauya allunan waje, sai na sa a liƙa wa bangon soso mai tauri na tare sanyi, kaurin inci ɗaya. Kafintan ya ce in ƙara kauri. Na ɗauka aljihuna yake hange, na ƙi.

Abin da ban fahimta ba shi ne yadda danshi ke tafiya. Iskar cikin gida tana ɗauke da tururi, balle gidan Bahaushe da tukunyar tuwo da ta miya ke daɗewa a kan wuta. Tururin nan yana bin kowace kafa ya shiga bango, in ya tarar da katako mai sanyi sai ya koma raɓa. Da can bangon yana jiƙewa, iskar waje ta busar da shi, shi ya sa ya kusa shekara ɗari lafiya. Sosona ya toshe hanyar bushewa, kuma bai kai kaurin da zai ɗumama katakon ba. A yankinmu, ƙa'idar gini ta Amurka tana neman aƙalla R-7.5 (R ma'aunin ƙarfin riƙe ɗumi ne) a bayan bango irin nawa, wato inci ɗaya da rabi na wannan soson. Nawa R-5 ne. Rabin inci kawai na yi wa rowa.

Bayan hunturu uku aka fara jin warin fumfuna a ɗakin yara. Da aka ɓare bangon, ƙasan taga ya ruɓe har yatsa na nutsewa. Can ma akwai laifina: soso yana sa taga ta koma ciki, dole a sake mata rufin da ke karkatar da ruwan sama waje, ni kuwa na bari aka cike wurin da gam. Yarana sun kwana kusa da wannan, abin har yau yana ci mini rai.

Ku fara da gwajin da ake kafa fanka a bakin ƙofa a gano inda iska ke zurarewa, ku toshe, ku ƙara abin tare sanyi a saman silin, domin ya fi bango sauƙin kuɗi. Idan an taɓa sa ledar tare tururi a bangon ta ciki, maimakon soso ku zaɓi ulun dutse, wato abin tare sanyi da ake yi da zaren dutse, shi yana barin danshi ya fita. A bar 'yar tazara tsakaninsa da allunan waje. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma a gwada fentinsa ko da dalma kafin a kankare, saboda yara. Ni sai a gyara na biyu na sa fankar fitar da tururi a kicin da banɗaki, daga nan gilasan tagogina suka daina zufa da asuba.