Hanyar Na Matso da Ita Kusa, Ba Fayil Ɗin Ba

Na yi shekaru ina aiki da kwamfuta kafin in gane amfanin siririn jerin nan da ke gefen hagu idan an buɗe wurin duba fayiloli. Kullum idona na kansa, ga Desktop, ga Documents, ga Downloads a jere, amma na ɗauka haka aka ƙera shi, ba a ƙara masa ba a rage masa. Aikina a lokacin haɗa rahoton ƙarshen wata ne, kuma foldar da rahoton yake ciki tana can ƙurya. Sai na buɗe ta ma'aikata, in shiga ta sashenmu, in shiga ta shekara, in shiga ta wata, sannan in iske shi. Kafin a tashi aiki nakan yi wannan tafiyar sau da yawa, har hannuna ya haddace ta.

Da na gaji, sai na samo wa kaina dabara. Da safe in kwafo rahoton in ajiye a Desktop, in yi aikina a kai, da yamma in mayar da shi gidansa. Wata rana in mayar, wata rana in manta. A haka rahoto ɗaya ya zama uku: ɗaya a Desktop, ɗaya a Downloads saboda na taɓa tura wa kaina ta imel, ɗaya kuma a mazauninsa na asali, duk da suna iri ɗaya. Ranar da aka nemi rahoton cikin gaggawa, wanda hannuna ya fara kaiwa na tura, ashe na makon jiya ne, gyare-gyaren kwana huɗu babu ko ɗaya a ciki. Sai a tsakiyar taro aka ga lissafin bai yi daidai ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin aikin na yi shi, kuma na yi shi da kyau, yana nan kwance a wani kwafin.

Wata babbar ma'aikaciya da muke ofis ɗaya ce ta matso da kujerarta bayan taron. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Ƙanina, nuna mini yadda kake zuwa wurin rahoton nan." Na nuna mata. Ta karɓi linzamin, ta kama foldar watan, ta ja ta zuwa gefen hagu, ta saki. Sunan foldar ya bayyana a jerin. Na ce, "Yaya, ai kin ɗauke ta daga wurinta." Ta ce, "Tana nan inda ka bar ta. Adireshinta kawai na rubuta maka a bakin ƙofa."

Maganar adireshin nan ba ta zauna mini sosai ba sai bayan an ba ni wata kwamfuta mai Linux, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Windows. A manhajarta ta duba fayiloli, wadda ake kira Nautilus, idan kana cikin folda ka danna Ctrl da D, sai ta hau jerin gefe. Na so in ga inda ake adana wannan, na bincika na iske wani ɗan ƙaramin fayil mai suna bookmarks, a cikin gtk-3.0 da ke ɓoyayyiyar foldar .config. Na buɗe shi ina tsammanin wani abu mai sarƙaƙiya. Rubutu ne kawai, layi biyar, kowanne ya fara da file:/// sannan hanyar zuwa foldar ta biyo baya. Inda sunan folda yake da tazara tsakanin kalmomi, an sa %20 a gurbin tazarar. A ƙarshen layi, in ka bar tazara ka rubuta wani suna, shi ne zai fito a jerin. Na rubuta layi na shida da hannuna, na adana, sai ga sabuwar folda ta bayyana a gefe. A nan na fahimci abin da ta faɗa mini: babu fayil ko ɗaya a jerin nan, kwatance ne zalla.

Da wannan ya zauna, sauran abubuwa suka warware da kansu. Cire folda daga jerin ba goge ta ba ne, don haka na daina jin tsoron taɓa shi. Haka kuma ganin sunan folda a gefe ba shaida ba ce cewa tana nan lafiya. Wani abokin aiki ya taɓa sauya sunan foldar da muke amfani da ita tare a sabar ofis, wato babbar kwamfutar da muke ajiye fayilolinmu na tarayya, washegari na danna nawa kwatancen, kwamfuta ta ce ba ta ga wurin ba. Fayilolin ba su yi ko ƙwarzane ba, adireshin ne ya tsufa. Irin haka yakan faru da filashi a Windows: yau kwamfuta ta ba shi harafin E, gobe ka riga ka soka wani kafin shi, sai ya zama F, hanyar da ka maƙala ta daina kaiwa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne daɗewar wannan tsari ina zaune kusa da shi ban sani ba. Finder, wurin duba fayiloli na kwamfutar Mac, ya samu jerin gefe tun 2003, a tsarin da aka kira Panther, kuma har yanzu ja da saki ne, ko ka zaɓi foldar ka danna Control da Command da T. Windows 7, wadda ta fito a 2009, tana da Favorites a saman jerin. A 2015 Windows 10 ta maye gurbinsa da Quick access, inda za ka danna foldar da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Pin to Quick access. Dolphin, wani wurin duba fayiloli na Linux, kuma Places yake kiran nasa. Suna ne ya bambanta, aikin ɗaya ne.

Wajen ja da saki akwai inda mutum zai kula, kuma na ɗanɗana. Idan ka saki foldar a tsakanin sunaye biyu, inda ɗan layi yake fitowa, ka maƙala ta. Idan kuwa ka sake ta a kan wani suna, ka zuba ta cikin waccan foldar ke nan. A Windows, in duk a kan faifai ɗaya suke, ɗauke ta za a yi ɗungurungum daga wurinta, ba kwafi ba. Kwamfutar takan nuna ɗan rubutu kusa da kibiyar linzami tana faɗin abin da za ta yi, amma mai sauri ba ya karantawa. Ctrl da Z, mai warware aikin da aka yi na ƙarshe, shi ne ya cece ni ranar, domin na lura nan take. Tun daga lokacin na fi son bi ta maɓallin dama.

Babban amfanin kuwa ba a wurin buɗe fayil na same shi ba, a wurin adanawa ne. Jerin nan yana fitowa a tagar da manhajoji suke buɗewa idan za ka adana aiki ko za ka liƙa takarda a imel. A da, duk abin da na sauke ko na rubuta, inda kwamfuta ta nuna mini nan nake jefa shi, da niyyar zan gyara daga baya, kuma daga bayan ba ya zuwa. Da foldar aikin ta zama dannawa ɗaya daga tagar adanawa, sai ajiye abu a gidansa ya fi jefa shi a Downloads sauƙi. A ganina wannan ne ya kashe matsalar kwafi uku, ba wai na ƙara nutsuwa ba ne.

Sai kuma na yi zarin abin. Duk foldar da na shiga sau biyu sai in maƙala ta, har jerin ya wuce tsawon allo, ina gangarawa ina neman suna kamar yadda nake yi a da. Windows ma tana ƙara nata, domin takan sako foldodin da ka fi yawan shiga ba tare da ka ce ba, sai ka je Options ka cire alamar da ke kan nuna su. Ga kuma foldodi biyu duk sunansu "Rahoto", ɗaya ta sashenmu ɗaya ta wani aikin daban. A Linux laƙabi na sa wa kowacce a ƙarshen layinta, amma a Windows da Mac sunan foldar na asali ne yake fitowa. Dole na koma na sake wa foldodin kansu suna mai ma'ana, aikin da ya kamata in yi tun farko.

Yanzu guda shida ne a gefena: aikin watan da ake ciki, foldar sashe ta sabar, wurin takardun da nake jiran amsarsu, da wasu uku da nake shiga kusan kullum. Ranar ɗaya ga wata, kafin in buɗe imel, nakan cire ta watan jiya in maƙala sabuwa. Kwanakin baya aka kawo mana sabon ma'aikaci, na wuce ta bayansa na ga Desktop ɗinsa cike da fayiloli, uku daga ciki sunansu ɗaya sai lamba a ƙarshe. Na jawo kujera na zauna kusa da shi, na ce ya nuna mini yadda yake zuwa wurin aikinsa.