Milimita 13 a zuciyar mai tsere

Na shafe shekaru ina duba zukatan 'yan wasa da na'urar ɗaukar hoton zuciya kafin a ba su izinin shiga gasa, kuma abin da ya fi ba ni wahalar koya shi ne cewa ma'aunin da yake lafiya a jikin wani yana iya zama alamar ciwo a jikin wani.

Wata rana aka turo mini wata budurwa mai gudun dogon zango. Na auna kaurin bangon ɗakin zuciyarta na hagu, wanda yake tura jini ga dukan jiki, na samu milimita 13. Har na ɗauki alƙalami zan sa hannu, domin a makon nan na ga irin wannan kauri a wani ƙaton saurayi mai tseren kwale-kwale, kuma nasa lafiya lau ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne binciken wani likitan zuciya mai suna Pelliccia a Italiya: a 1991, cikin 'yan wasa 947, mutum 16 kacal suka kai wannan kauri, dukansu maza, sannan a 1996, cikin mata 600, babu wadda ta wuce milimita 12. Zuciyar mace takan ƙara faɗi saboda horo, amma bangonta ba kasafai yake kauri kamar na namiji ba. Na sa ta dakatar da horo na wata uku, tun da kaurin da horo ya kawo yakan ragu idan an huta. Nata bai ragu ba, kuma ƙarin gwaji ya tabbatar da ciwon kaurin tsokar zuciya na gado. Har yau gabana yana faɗuwa idan na tuna da alƙalamin nan.

Irin horon ma yana barin sawunsa. Masu gudu da masu tseren keke su ne zuciyarsu ta fi faɗi, bugunta a lokacin hutu yakan sauka zuwa 40 a minti, alhali masu ɗaga ƙarfe canjinsu kaɗan ne.

Ga yaron da bai kai shekara 16 ba, wasu alamomin da za su tayar da hankali a takardar gwajin bugun zuciyar babba na ƙuruciya ne kawai. Dattijan da suka yi shekaru da yawa suna gudun dogon zango kuwa, musamman maza, ina tambayarsu ko suna jin zuciyarsu tana bugawa ba bisa tsari ba, domin wannan matsala ta fi yawa a cikinsu, kuma da yawansu ba sa faɗa sai an tambaya.