Saƙon godiya bayan kammala gasar Ludum Dare

Bayan godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan aiki lafiya, ina so in miƙa godiya, a madadina da kuma a madadin abokan aikina, ga duk wanda ya sa hannu a ɗan wasan kwamfutar da muka shigar a gasar Ludum Dare. Ga wanda bai san ta ba, gasa ce da ake yi tun shekarar 2002, inda ake sanar da jigo sannan kowa ya ƙirƙiri wasa a kansa tun daga tushe. Mai aiki shi kaɗai a rukunin Compo sa'o'i 48 yake da su, mu kuwa da muka shiga rukunin Jam a matsayin ƙungiya an ba mu sa'o'i 72.

Wasanmu na neman tsira ne, kuma ƙarami ne ƙwarai. Mutum ne ya tsinci kansa a wani tsibiri mai tsananin sanyi, dole ya tara itace da rana, ya kama kifi, ya hana wutarsa mutuwa har gari ya waye, alhali yunwa da sanyi suna rage masa ƙarfi a kowane taku.

Godiyata ta farko ga mai zanenmu ce, wadda ta zauna tana gyara harshen wutar ɗigo bayan ɗigo har sai da ya zamana ɗan wasa yana gane cewa itace ya kusa ƙarewa daga yadda hasken yake ja da baya, ba tare da an rubuta masa ko da lamba ɗaya a fuskar allo ba. Haka nan mai haɗa mana sauti, wanda ya sa kukan iska ya riƙa ƙaruwa gwargwadon nisan mutum daga sansaninsa. A ganina, wannan aiki nasu shi ne ya sa masu ba da maki suka fi yaba mana a ɓangaren yanayin wasa.

Muna kuma godiya ga waɗanda ba su san da mu ba amma muka ci moriyar guminsu: masu kula da Godot, manhajar ƙirƙirar wasannin kwamfuta, wadda aka buɗe wa kowa kyauta tun 2014, da Tomas Pettersson wanda ya rubuta manhajar sfxr a 2007 domin masu wannan gasa su samu sautin wasa cikin sauƙi, da kuma dandalin itch.io inda muka ajiye wasan yadda kowa zai buga shi ba sai ya sauke komai ba.

Sai dai godiya mafi girma taku ce, ku da kuka buga wasan a makonnin ba da maki. A ƙa'idar gasar, wasa yana buƙatar aƙalla mutum 20 su ba shi maki kafin ya samu matsayi, kuma galibin waɗanda suka yi mana wannan su ma 'yan gasar ne da suka fito daga tasu gajiyar. Wanda ya ƙirƙiri wasan neman tsira ba zai taɓa iya auna wahalarsa da kansa ba, domin ya san inda kowane icce yake, ya kuma san lokacin da dare zai yi. Ku da kuka shiga ba da wannan sani ba, ku ne kuka nuna mana ainihin yadda daren farko yake. Wani daga cikinku ya rubuto cewa ya mutu dab da sansaninsa da itace cike da hannu, yana hangen wutar tana mutuwa, amma ya sake farawa nan take. Wata kuma ta bayyana mana dalla-dalla inda ɗan wasan yake maƙalewa tsakanin duwatsu biyu a bakin ruwa, har ta haɗo da hoto, abin da ya ba mu damar gyara wurin, tunda dokar gasar ta yarda a gyara irin wannan matsala bayan cikar wa'adi.

Wasan zai ci gaba da zama kyauta a inda yake. Muna shirin fitar da sabon zubi da zai tsawaita yinin farko, ya kuma ba da damar sauya maɓallan sarrafawa kamar yadda da yawanku suka nema, kuma duk wanda ya ga wani abin gyara muna roƙon ya sanar da mu. Allah ya saka wa kowa da alheri.