Yadda muka sayi daji a Wisconsin muka buɗe wa mafarauta

Ƙungiyarmu ta sa-kai ce, ƙarama, a jihar Wisconsin ta Amurka. Muna sayen daji kafin a yanka shi fulotai, mu riƙe shi dindindin, jama'a su riƙa shiga. Filin farko da na bi cinikinsa daga tushe, eka 80, ya nuna mini cewa biyan kuɗi shi ne mai sauƙin.

Da farko mun ba mai fili ɗan kafin alƙalami, ya sa hannu ba zai sayar wa kowa ba har shekara guda. A cikin shekarar nan ake neman kuɗi. Sai aka kira mai ƙiyasin daraja mai lasisi, domin ƙungiyar da aka yafe wa haraji ba ta da damar biyan mutum fiye da abin da filinsa ya taka a kasuwa. Rabin kuɗin mun samo shi daga asusun jiha mai suna Knowles-Nelson, wanda aka kafa a 1989. Sharaɗinsa tun 2007 shi ne a bar filin a buɗe ga masu farauta, masu kamun kifi, masu ɗana tarko da masu yawon ƙafa. Sauran rabin daga gudummawa ya fito, mai filin kuma ya yi mana ragi, aka lissafa ragin cikin kasonmu.

Inda muka kusa yin asara ita ce hanya. Akwai burtali da ya ratsa gonar maƙwabci, mai filin ya shekara da shekaru yana bi, babu wanda ya taɓa ɗaga masa yatsa. Da aka binciki takardun mallaka, sai aka tarar ba a rubuce yake ba, zaman mutunci ne kawai. Maƙwabcin da ya ƙyale mutum ɗaya ba lallai ya ƙyale baƙi ashirin da bindigogi ba, kuma yana da gaskiya. Dole muka sayi haƙƙin wucewa daban, aka auna faɗinsa, aka rubuta ƙarara cewa na jama'a ne, ƙafa da mota, aka yi rajista a ofishin filaye na gunduma. Yanzu kafin in leƙa daji, hanyarsa nake fara tambaya.

Binciken gurɓata, wato duba ko akwai guba ko shara mai haɗari a filin, shi ma ya ba mu wahala. An tono tsofaffin duro-duro a wani kwazazzabo da rijiyar da ba a toshe ba, muka ce sai mai fili ya gyara kafin a biya. Manyan sassan rahoton kwana 180 suke yi wa'adinsu ya ƙare; kuɗin jiha ya makara, muka sake biyan kuɗin binciken.

Kada a yarda da tsohon shingen waya a matsayin iyaka. Safiyo ya nuna namu ya kauce, da mun bi shi da mun tura mafarauta cikin gonar wani. Mun kafa alluna kusa da kusa, yadda daga kowane kana hango na gaba. A taswirar bakin shiga mun shata inda doka ta hana harbi: yadi 100 daga gidan mutane sai da izinin mai gida. Wurin ajiye mota kuwa na mota shida muka yi da gangan, shi ke taƙaita cunkoso a kwana tara na farautar barewa da bindiga a watan Nuwamba. Dandamalin da maharbi ke ɗaurawa a kan itace ya zauna an yarda, amma ban da buga ƙusa, kuma kowa ya sauke nasa da yamma.

Wasu masu ba mu gudummawa ba sa ƙaunar farauta, ban kuma taɓa yi musu musu ba. Nakan kai su wani ɗan wuri da muka kewaye da waya, taku goma kowace fuska. A ciki ƙananan itatuwa sun kai ƙirji. A waje barewa ta cinye su tas, sai kututture kamar tsinke.

Kuskuren da har yau muke biya shi ne ba mu tara kuɗin kulawa tare da kuɗin saye ba. Inshora, sauya alluna, zuba tsakuwa a hanya bayan ƙanƙara ta narke, zagayen iyaka sau ɗaya a shekara, duk ba sa jira. A fili na biyu mun sa su cikin kasafi tun ranar farko.